Neman shawara: tsofaffin takardun jerin gwanon Mardi Gras sun faɗo hannuna

Baban Hanifa, daga Baton Rouge:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ban taɓa zaton zai shafe ni ba, kuma ina roƙon ku yi haƙuri da tsawon bayanin, domin idan ban faɗi yadda abin yake dalla-dalla ba, shawarar da za ku ba ni ba za ta zauna daidai ba.

Shekarata takwas ke nan a jihar Louisiana ta Amurka. Mutanen nan suna da wata al'ada, idan tsoho ya rasu magada sukan buɗe gidansa na kwana biyu ko uku, su manna farashi a jikin kowane abu tun daga kujera har cokali, kowa ya shiga ya sayi abin da ya yi masa. Ni nakan leƙa irin wannan gwanjo ne don neman littattafai da kayan girki masu araha. Makonni uku da suka wuce, a wani gida da ke New Orleans, na jawo durowar ƙasa ta wata tsohuwar kabad, sai na tarar da takardu uku a ninke, an ɗaure su da zare. Dala 60 na biya na tafi da su ba tare da na san ko mene ne ba.

Da na isa gida na shimfiɗa ta farko a kan teburin cin abinci, sai ta rufe shi har ta zarce. Na auna, tsawonta inci 42, faɗinta inci 28. A fuskarta an zana amalanke ashirin, sahu huɗu, kowane amalanke da irin adonsa: wannan an mayar da shi lambun furanni, wancan dodo mai fikafikai, wani kuma gadon sarauta da mutane masu rufaffiyar fuska kewaye da shi, kuma a ƙarƙashin kowanne akwai lambarsa da sunansa. Ja da shuɗi da ruwan gwal ɗin kamar jiya aka buga su, amma takardar kanta ta yi ruwan ƙasa a duk inda aka ninke ta, kuma da na ɗaga kusurwa sai wani ɗan guntu ya ɓalle ya manne a yatsana kamar busasshen ɓawon albasa. Bayanta kuwa rubutu ne cunkus, ga bayanin kowane amalanke, ga tallan otal da jirgin ƙasa da magunguna.

Wani abokin aikina ɗan asalin garin ya ce mini takardun jerin gwanon Mardi Gras ne, wato bikin da ake yi a garin kafin azumin Kirista, waɗanda jaridu suke bugawa a da, kowace tana nuna amalanken ɗaya daga ƙungiyoyin da suke fita a bikin. Ɗaya ta ƙungiyar Proteus ce ta 1903, ɗaya ta Comus ce ta 1908. Ta ukun ta Rex ce, amma kusurwar da shekarar take ta yage ta ɓace, abin da ya rage a samanta shi ne sunan jaridar Times-Picayune da kwanan wata, 20 ga Fabrairu.

Na sa muku hotunansu. Ga inda na tsaya. Maman Hanifa tana son a rataya su a falo, kuma mai yin firem da na je wurinsa ya ce zai manna su a jikin katako da gam mai zafi, ya shafe fuskar da leda don kada su ƙara yagewa. Ban amince ba tukuna, domin zuciyata ba ta kwanta ba. Sannan wani dillali da na nuna wa hotunansu ya yi mini tayin ta huɗu, ta Comus, wadda ya ce ta 1918 ce kuma ba a samun irinta, a kan dala 900. Ban da wannan, ina sa ran komawa gida Katsina nan da shekara biyu idan Allah ya yarda, kuma ban san yadda takarda mai wannan rauni za ta jure hunturu da damina ba. Gaskiya abin ya fara shiga raina, har ina tunanin in mayar da tara su sana'ar hutuna. Ina neman wanda ya sani ya haska mini hanya kafin in yi gyaran gangar Auzinawa.

Dattijon Houston, tsohon malamin tarihi:

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Ka yi tsintar dami a kala, Allah ya sanya albarka. Zan fara da ta 1918, domin a nan ne kuɗinka yake cikin haɗari. Kada ka biya. Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a watan Afrilu na 1917, kuma a dalilin haka ba a yi jerin gwanon Mardi Gras a New Orleans a 1918 da 1919 ba, kamar yadda aka dakatar da shi daga 1942 zuwa 1945 a lokacin yaƙi na biyu. Aikin irin wannan takarda shi ne ta nuna wa mai kallo amalanken da za su wuce ta gabansa a ranar, to me za a buga a shekarar da amalanke ko ɗaya bai fito ba? Ba na cewa dillalin maƙaryaci ne, domin yana iya yiwuwa ya karanta 1913 ko 1908 a matsayin 1918, amma wanda yake neman dala 900 a kan takardar da bai san shekararta ba, ba shi ne zai koya maka darajarta ba.

Ta Rex ɗin da shekararta ta yage kuwa, amsarta tana jikinta. Mardi Gras ba shi da tsayayyen kwanan wata, domin yana zuwa ne kwana 47 kafin Ista, wato Talatar da ake kwana a tashi da azumin Kirista na kwana arba'in, saboda haka yana yawo tsakanin 3 ga Fabrairu da 9 ga Maris. Rex a ranar Talatar kanta yake fita. A duk tsawon zamanin da aka buga waɗannan takardu masu launi, wato daga tsakiyar shekarun 1880 zuwa 1941, sau biyu kacal Talatar ta faɗo a 20 ga Fabrairu, a 1912 da kuma 1917. Sunan jaridar shi ne zai raba gardama. Picayune, wadda aka kafa a 1837, da Times-Democrat jaridu biyu ne masu gogayya da juna, sai a 1914 suka haɗe suka zama Times-Picayune. Takardar da take ɗauke da wannan suna ba za ta zama ta 1912 ba. Taka ta 1917 ce, fitar Rex ta ƙarshe kafin yaƙi ya tsayar da bikin.

Yana da kyau ka san masu abin. Comus ita ce babbar yaya, ta fara fita a 1857. Rex da Momus sun zo a 1872, Proteus kuma a 1882. Kowace ƙungiya takan zaɓi jigo guda a shekara, daga tatsuniyoyin Girka ko tarihin Masar ko wani littafin waƙa, a zana amalanke wajen ashirin a kansa, a gina su a ɓoye, alfadarai su ja su a titi. Masu zanen sanannu ne ga masu tarawa. Bror Anders Wikström, mutumin Suwidin da ya rasu a 1909, shi ne ya daɗe yana zana wa Rex, daga baya ya haɗa da Proteus, kuma shekarar taka ta 1903 ta faɗo cikin zamaninsa. Jennie Wilde, wadda ta rasu a 1913, ita ce take zana wa Comus a lokacin da aka buga taka ta 1908. Amalanken kansu da kwali da tsumma da fenti aka yi su, bayan dare ɗaya a wargaza su a gina na baɗi a kan ƙafafunsu, kuma hoton kyamara na wancan lokaci galibi ba shi da launi, balle jerin gwanon dare da kyamara ba ta iya kamawa sosai. Shi ya sa takardar da aka sayar santi goma a bakin titi ta zama, tare da zanen hannun masu zanen, kusan ita ce shaidar yadda abin ya kasance a ido.

Mai Ɗab'i na Fagge:

Salamu alaikum. Ni ban taɓa zuwa Amurka ba, kuma ban taɓa ganin bikin nan ba, amma shekarata talatin ina buga kalanda da katin biki, don haka tawada a kan takarda ba ta ɓoye mini komai. Malam Baban Hanifa, ka nemi gilashin nan na masu gyaran agogo, mai ƙara girma sau goma, ka ɗora shi a kan fuskar wani mutum a cikin zanen ko a kan wurin da launi yake sauka daga duhu zuwa haske.

Dalili shi ne takardun wancan zamani bugun dutse ne. Wani Bajamushe, Alois Senefelder, shi ya gano hanyar a 1796, kuma asalinta ba ya wuce abin da kowace mai girki ta sani, cewa mai da ruwa ba sa haɗuwa. Ana zane da alli mai maiƙo a kan lafiyayyen dutsen farar ƙasa, a jiƙa dutsen, a bi shi da tawada mai mai, sai tawadar ta kama zanen kawai ta ƙi wurin da ruwa yake. Idan ana son launuka, kowane launi da nasa dutsen, kuma takarda ɗaya sai ta bi ta kan duwatsun ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin gilashi za ka ga ɗigo-ɗigon da hannun mutum ya yi, wani babba wani ƙarami, ba su da sahu, kuma za ka ga wuraren da launi ya kwanta sumul ba ɗigo ko ɗaya. Sau da yawa za ka tarar ja ya ɗan leƙa waje daga baƙin layin da ya kewaye shi, saboda takardar ta gota kaɗan a kan wani dutsen. A wurina yau kuskure ne da zai sa mai kaya ya ƙi biyana, amma a wurinka alama ce mai kyau.

Bugun da muke yi yanzu launi huɗu ne kawai, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa da baƙi, kuma gilashi zai nuna maka ɗigon a jere daidai wa daida kamar raga, suna haɗuwa suna yin wasu 'yan furanni masu zagaye. Idan kuma firintar kwamfuta ce, za ka ga feshi kamar ƙura. Duk takardar da aka ce ta 1903 ce ko 1908 kuma ka ga waɗannan 'yan furanni ko feshin, kwafi ce. Sai dai ka yi hattara da na shekarun 1920 da 1930, domin a lokacin maɗaba'u a ko'ina suna sauya hanyar aiki, kuma ɗigo kaɗai ba zai yanke hukunci a kansu ba.

Gwaji na biyu shi ne tocilan mai shuɗin haske da 'yan canji suke duba kuɗin jabu da ita. Tun daga shekarun 1950 ake zuba wa takarda wani sinadari mai ƙara mata fari, kuma wannan haske yana sa ta yi walƙiya shuɗiya a cikin duhu. Tsohuwar takarda ba ta yin haka, dishi-dishi take zama. Sannan ka duba ƙasan takardar, a gefe, inda maɗaba'a take sa sunanta da ƙananan haruffa.

Dattijon Houston:

Mai Ɗab'i ya faɗi gaskiya a kan gefen ƙasa. Sunayen da aka fi gani a wurin su ne T. Fitzwilliam da Walle, maɗaba'u biyu na New Orleans.

Maman Abba, daga Kaduna:

Assalamu alaikum. Baban Hanifa, na yi shekaru ina aiki a sashen tsofaffin rubuce-rubuce na wani laburare, kuma da na karanta abin da mai firem ya ce maka sai da gabana ya faɗi. Don Allah kada ka bari a manna su a katako, kada kuma a yi musu lamineshin. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da takardar shaidar gama makaranta ta zamanin Turawa, ƙanena ya kai aka shafe ta da leda da kyakkyawar niyya, yanzu ledar ta yi rawaya ta kumbura, tawadar sa hannun ta bazu a cikinta, kuma ba wanda zai iya raba su ba tare da fuskar takardar ta bi ledar ba. Ƙa'idar aikinmu ita ce kada a yi wa takarda abin da ba za a iya warwarewa ba gobe. Gam mai zafi da lamineshin da salatef duk ba su warwaruwa.

A taka ma asarar ta fi haka, domin takardar fuska biyu gare ta. Bayan da ka ce cunkus yake da rubutu shi ne yake faɗin ma'anar kowane amalanke, kuma tallan da ke ciki suna nuna wa mai bincike irin kasuwancin garin a shekarar. Ranar da aka manna ta a katako, rabin takardar ya tafi har abada, kuma masu saye na gaskiya za su karya farashinta saboda haka.

Guntun da ya ɓalle a yatsanka yana da dalili. Littattafan malamanmu na da, waɗanda aka rubuta a kan takardar Italiya mai tambarin wata uku, da tsumma aka yi takardarsu, shi ya sa za ka ga wadda ta haura shekara ɗari da hamsin tana lanƙwasuwa ba ta karyewa. Takardar jarida ta ƙarshen ƙarni na 19 kuwa da niƙaƙƙen itace aka yi ta, kuma itacen yana ɗauke da wani sinadari da yake juyewa ya zama asid, ya riƙa cin takardar daga ciki. Zafi da haske da danshi suna hanzarta shi. Ba a yi waɗannan takardu don su wuce mako guda ba. Saboda haka kada ka sake ninke su, kada kuma ka riƙa buɗe su don nuna wa baƙi, domin kowace ninkewa tana karya zaren takardar a wurin da ya riga ya raunana. Idan akwai wadda ba ta kwanta ba, kada ka sa mata dutsen guga. Ƙwararren mai gyaran takarda zai sa ta a ɗan danshi mai awo har ta saki jiki, sannan ya ɗinke yagar ta baya da siririyar takardar Japan da talgen sitacin alkama, wanda ɗan ruwa yake iya cire shi ko bayan shekara hamsin. Ƙungiyar masu wannan aiki a Amurka, AIC, tana da jerin ƙwararrunta jiha-jiha.

Ajiya kuwa a kwance take, a cikin duhu. Kowace ta shiga aljihun ledar foliyesta irin Mylar ko Melinex, ba ledar PVC ta kasuwa ba, kuma a bar gefe biyu a buɗe, domin takarda mai asid idan aka kulle ta ruf da numfashinta tana saurin lalacewa. Da wannan aljihu za ka iya juya ta ka karanta bayan ba tare da ka taɓa ta ba. Danshin ɗakin ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50, domin idan ya haura 65 ya daɗe, fumfuna za ta fito.

Game da Katsina, ba zafin ne ya fi ba ni tsoro ba, sauyin ne. A hunturu iska takan bushe har danshi ya sauka ƙasa da kashi 20, takarda ta ƙanƙance ta yi ƙaras, a watan Agusta kuma ta sha ruwa ta kumbura, kuma wannan shiga da fita kowace shekara shi ne yake tsaga ta. Maganinsa shi ne a yi mata gida cikin gida, kamar yadda malamanmu suke sa littafi tsakanin allunan kwali, su sa a gafaka, su sa gafakar a adaka. Akwatin ƙarfe mai faɗi, a ɗaki na tsakiya wanda bangonsa ba ya shan rana ko ruwan sama, a ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe nesa da bango saboda gara, a riƙa duba shi kowane wata. Na ga abin da gara ta yi wa kwali biyu na takardu a cikin damina ɗaya, ba na son in sake gani.

Auta, ɗalibi a Atlanta:

Ina wuni, iyayena. Ni tsofaffin fastocin fim nake saya jefi-jefi, kuma a wurin masu wannan harka abin da aka saba shi ne a manna fasta a kan takarda marar asid da ƙyallen kanbas, da talgen alkama ɗin nan da Mama ta ambata. Yana sa ta kwanta sumul, a iya naɗe ta a tafi da ita, kuma sun ce ana iya cirewa. Me zai hana Baban Hanifa ya yi haka, tunda tafiya ce a gabansa?

Maman Abba:

Auta, tambayarka tana kan hanya, kuma ga fastar fim wadda bayanta fari ne ban ce komai ba. Amma ka lura da abu biyu. Ƙyallen zai rufe rubutun bayan, wanda shi ne muke ta karewa tun ɗazu. Sannan cewa ana iya cirewa gaskiya ce a baki, amma cirewar tana buƙatar a sake jiƙa takardar gaba ɗaya, kuma takardar da take ɓallewa a yatsa ba kowane wanka take tsira daga gare shi ba. Akwai wadda ta riga ta rabu gida takwas, wadda ba ta da wata mafita sai a yi mata baya, to ko ita a nemi a yi da takardar Japan mai shara-shara da rubutu yake ɗan bayyana ta cikinta, kuma a ɗauki hoton bayan da kyau kafin a fara. Ta Baban Hanifa ba ta kai nan ba. Idan tafiya ta zo, a sa aljihunan tsakanin alluna biyu masu ƙarfi a ɗaure, su tafi a kwance.

Ɗan Damagaram, mazaunin Montreal:

Salamu alaikum. Ni zan ɗan saɓa wa jama'a, ba don raina abin da aka faɗa ba. Baban Hanifa, kafin ka mayar da wannan sana'ar hutunka, ka tsaya ka dubi abin da kake tarawa da idon basira. Ƙungiyoyin nan huɗu na attajiran Turawan garin ne, maza zalla, kuma sun yi fiye da ƙarni ƙofarsu a rufe take ga baƙar fata. A 1873, bayan yaƙin basasar Amurka, Comus ta fita da jigon da ta fake da littafin Darwin ta mayar da jami'an gwamnatin lokacin dabbobi da ƙwari, har Shugaban Amurka Grant aka yi shi tsutsar taba, kuma ba'ar ba ta tsallake baƙaƙen da suka sami 'yanci ba. Baƙaƙen garin suna cikin jerin gwanon, amma a ƙasa: su ne masu jan linzamin alfadarai, su ne masu ɗaukar fitilun kananzir a kan sanduna don a ga amalanken da dare, ana jefa musu kwabbai. Daga baya sun kafa tasu ƙungiya, Zulu, wadda ta fara fita a 1909. A 1991 'yar majalisar birnin, Dorothy Mae Taylor, ta kawo dokar da ta ce duk ƙungiyar da take son izinin bin titi sai ta shaida cewa ba ta nuna wariya wajen ɗaukar mambobi. Comus da Momus suka zaɓi su daina fita, Proteus ta janye na wasu shekaru ta dawo a 2000.

Ban ce ka yar da su ba. Ni ma da na ga hotunan da ka sa, sai da na daɗe ina kallon aikin hannun, kuma wanda ya taso yana kallon hawan sallah ya san abin da ake ji idan ayari mai ado ya doso. Abin da nake cewa shi ne idan wata rana Hanifa ta tambaye ka su wane ne waɗannan mutane masu rufaffiyar fuska, ka kasance kana da cikakkiyar amsa, har da waɗanda suke tafiya a ƙasa a gaban amalanken. Kuma ta fuskar kuɗi, kasuwar waɗannan takardu tana New Orleans ne da kewayenta. A Katsina ba za ka sami mai taya su ba, kuma ba za ka sami mai gyara su ba idan wani abu ya faru. Da ni ne, da na riƙe guda ɗaya da na fi so, in sayar da biyu kafin in tashi.

Dattijon Houston:

Ɗan Damagaram ya faɗi abin da ya kamata a faɗa, kuma ban da abin cirewa a tarihin da ya kawo. Maganar sayarwa ce ban goyi baya ba yanzu, domin wanda ya sayar da abin da bai gama sani ba yakan yi nadama. Baban Hanifa, tunda New Orleans ba ta da nisa da kai, ka je ka ga na ainihi da idonka, gani ya kori ji. Jami'ar Tulane tana da babban tarin kayan bikin nan a sashen tarihin Louisiana, har da dubban zanen hannu na amalanke da tufafi, kuma da yawa suna intanet. Akwai Historic New Orleans Collection a unguwar Faransawa, akwai kuma baje kolin Mardi Gras a ginin Presbytère. Ka gwada taka da tasu, sahu da sahu, amalanke da amalanke. Idan kuma ka yanke shawarar ci gaba da tarawa, ka taƙaita kanka ga ƙungiya ɗaya ko mai zane ɗaya, domin ƙungiya huɗu a cikin shekara hamsin da ɗoriya sun fi ƙarfin aljihun ma'aikaci. Ka riƙa shinshina takarda kafin ka saya, saboda ambaliyar Katrina ta 2005 ta jiƙa gidaje da yawa, kuma warin fumfuna ba ya ɓuya. Kowace ka saya, ka rubuta da fensir a jikin jakarta, ba a jikinta ba, inda ka same ta da ranar da nawa ka biya.

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara ilimi. Na zo in ba ku labarin abin da ya biyo baya. Na sayi gilashin da tocilan, na fara da nawa ukun da dare bayan yara sun yi barci. Duk ukun ɗigonsu na hannu ne, kuma a ta Comus na sami wurin da kore ya leƙa waje daga ganye kamar faɗin gashi biyu, yadda Mai Ɗab'i ya kwatanta. Ba wadda ta yi walƙiya.

Ranar Asabar na koma wurin dillalin da kayan aikina a aljihu. Ya ba ni izini na duba. 'Yan furannin nan suna nan a jere kamar an auna da ma'auni, bayan takardar fari ne fat ba rubutu ko ɗaya, kuma 1918 ɗin da fensir wani ya rubuta shi a gefe. Da na haska ta a ƙarƙashin teburin sai ta yi shuɗi kamar sabuwar riga da aka sa wa bula. Ya ce shi ma haka ya saye ta, ban ja da shi ba, na yi masa sallama na fito.

Na yi magana da wata mai gyaran takarda, za ta karɓi ta Rex ɗin a wata mai zuwa, tunda ita ce ta fi rauni, sauran biyun kuma suna kwance a aljihunan foliyesta tsakanin alluna biyu a saman kabad. Maman Hanifa ta yarda a ɗauki hoton ta Proteus a buga kwafi a rataya a falo, da sharaɗin ita za ta zaɓi firem. Maganar Ɗan Damagaram ta zauna mini, har na koma da gilashi ina bin ƙasan kowane amalanke ko zan ga masu jan alfadaran. Batun sayarwa na ajiye shi sai na je Tulane na dawo. Zaren da aka ɗaure su da shi ma na sa shi a ambulan, na rubuta sunan titin gidan da ranar a bayansa.